Janar Seyni Kunce a Ma'aunin Manomin Albasa

Wanda ya bi kwalta daga Birnin Konni ya nufi Madawa cikin watan Oktoba, ya wuce Tsarnawa da Malbaza ya gangara Galmi, zai riƙa ganin 'yan ƙananan fangalai a bakin garake, wasu an lulluɓe su da kara, wasu an yaye. Abin da ke ciki tsiro ne siri-siri, kore shar, wanda akuya guda za ta share kafin mai garka ya dawo daga salla. Baƙo ba zai yarda ba in aka ce masa wannan ne zai cika tirelolin da ke tafiya Akara da Kumasi da Abijan idan bazara ta kama. Mai garka kuwa ya san lissafinsa: kwana arba'in zuwa hamsin a wurin reno, sai dashe, sai wata uku da wani abu na ban ruwa da cirar ciyawa da zuba taki, sannan a janye ruwa, ganye ya kwanta, a tone. Duk matakin da ka tsallake, za ka biya kuɗinsa a gaba.

Babban hafsan soja ma haka ake noma shi. Mu da ke wajen bariki ba mu ganinsa sai ranar da taurari suka hau kafaɗarsa, ko ranar da muryarsa ta fito a rediyo da sassafe. Shekarun reno da na dashe ba mai ba da labarinsu. Ina so in bi rayuwar Janar Seyni Kunce da idon manomin albasa, domin a wannan yanki, daga Konni zuwa Malbaza har Illela, sunansa bai kwanta ba. Har gobe, in hira ta kai ga cin dukiyar talakawa ko sakacin ma'aikata, sai wani dattijo ya girgiza kai ya ce da zamanin Kunce ne da ba a yi haka ba. Dattijon bai yi ƙarya ba, sai dai akwai sauran magana.

An haife shi a 1931 a Fandu, ƙasar Filinge, cikin gidan sarautar Zabarmawan Tondikandiya. Yana yaro aka ɗauke shi zuwa makarantar 'ya'yan soja da Faransa ta buɗe a Kati, kusa da Bamako, daga nan San Luwi ta Senegal. A 1949 ya sa kakin sojan Faransa yana ɗan shekara 18. An kai shi Indocina, an kai shi Aljeriya, yaƙe-yaƙen da ba nasa ba, inda Faransa ke ta faman riƙe ƙasashen da suka ce sun gaji da ita. Sai da ya shekara takwas ɗauke da bindiga kafin ya zama saje a 1957. Bayan nan ne aka buɗe masa ƙofar makarantar hafsoshi ta Fréjus, wadda Faransa ta tanada wa 'yan ƙasashen da take mulka, da ta hango 'yancin kai ya ƙarato kuma babu isassun hafsoshi baƙar fata da za a bar wa rundunoni.

Wannan duka reno ne, kuma a fangalin wani aka yi shi. Manoman Galmi sun san irin wannan. Wanda bai samu ya zuba irinsa da wuri ba, sayen dashe yake yi a hannun wani, ya ɗauko shi cikin jiƙaƙƙen buhu, bai san takin da aka ba shi ba, bai san uwar da ta haifi irin ba. Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960 ba ta da wurin renon hafsoshi nata. Da aka kafa rundunar sojan ƙasa a 1961, dashen Faransa aka kwaso aka kafa: Kunce da tsararrakinsa, waɗanda suka koyi biyayya da kiyaye lokaci da tsabtar aiki a hannun Nasara, suka kuma ga yadda Nasara ke ɗaukar talaka, wato mutumin da ake ba umarni, ba a zama shawara da shi. Darussan nan biyu sun bi Kunce har fadar shugaban ƙasa.

Ranar dashe abin tausayi ce ga wanda bai saba gani ba. A cire tsiron, a datse masa kan ganye, a cusa shi cikin laka da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, mata da yara a duƙe tun hantsi har la'asar. Kwana biyu ko uku yana kwance kamar ba zai tashi ba, sannan saiwa ta kama ya miƙe. Ƙasar da aka dasa Kunce a cikinta ba mai daɗi ba ce ga soja. Runduna ce ƙarama, kayan aiki kaɗan, kuma gwamnatin Jori Hamani ba ta sakin jiki da ita, balle bayan boren da wani kyaftin ya tayar a Yamai a Disambar 1963. Da 'yan jam'iyyar Sawaba da aka haramta suka shigo da makamai a Oktobar 1964, rikicin da ya taɓa har ƙasar Konni, gwamnati ta ƙara jingina ga mayaƙan sa-kai na jam'iyyarta da kuma sojan Faransa da ke zaune a ƙasar. Hafsan da ya yi yaƙi a nahiyoyi biyu ya dawo gida ya tarar ana kallonsa da wutsiyar ido.

Ya yi haƙuri, kuma a nan nake ganin ƙarfinsa ya taru. Ya tafi Paris ƙarin karatun hafsoshi a 1965 zuwa 1966, ya dawo aka naɗa shi mataimakin hafsan hafsoshin ƙasa, ya zauna a wannan kujera ta biyu wajen shekara bakwai. Shekara bakwai kana bayan wani, kai ne mai duba takardun albashi da abincin soja da man mota da jerin waɗanda za a tura Agadas ko Ngigmi, sunanka ba ya fita a rediyo. A irin wannan zama ne mutum ke sanin runduna ciki da bai: wane saje ne ake jin maganarsa, wane laftana ne mai rawar kai, wace mota ce za ta tashi in an murza ta da dare. A 1973 aka ba shi kujerar hafsan hafsoshi, yana da muƙamin laftanar-kanar, bayan shekara 24 cikin kaki.

A garka ana yin wata gardama kusan kowace shekara tsakanin uba da ɗa, wajen watan Janairu, lokacin da albasa ta fara yin kai. Yaro ya leƙa ta maƙwabta ya ga ganyenta ya yi duhu ya yi tsawo, ya dawo yana cewa, "Baba, mu ƙara mata buhun yuriya ko guda, ka ga ta su ta fi tamu cika ido." Tsohon ya tsuguna, ya tone gefen ɗaya da yatsa, ya matsa wuyanta, ya mayar da ƙasa. "Bar ta, ɗana. Tasu ta kasuwar gobe ce, tamu ta rudu ce." Abin da yake nufi kowane manomi ya san shi: albasar da aka ɗura wa takin zamani da ruwa tana kumbura da wuri, ta yi ƙaton kai mai taushi da kaurin wuya, amma in ka ajiye ta wata biyu sai wari ya kore ka. Wadda ta girma a hankali, da takin gida da ruwa daidai, ita ke yin tauri da jan ɓawo mai sheƙi, ita ke kaiwa lokacin tsada. Ta wannan fuska ba wanda zai ce an ɗura wa Kunce taki. Igiya bayan igiya ya hau, ba a yi masa tsallake ba, kuma ko maƙiyansa ba su ce bai san aikin soja ba.

To amma akwai wani abu da ke faruwa a fangali wanda ke ɓata wa manomi rai. Albasa shuka ce mai zango biyu. A zangon farko aikinta ta yi kai. Sai an tone ta, an ajiye, an zaɓi mai kyau an sake dasawa, sannan ta yi fure ta ba da iri. Wani lokaci kuwa, in dashen ya ƙosa sosai sannan sanyin hunturu ya doke shi, sai ka ga tun a zangon farko wata sanda mai rami ta ɓullo daga tsakiya, ta zarce sauran ganye, ta ɗaure farin fure a bisa. An dasa ta domin abu guda, ta shiga wani. Manomin kirki ba ya ɗora wa albasar laifin duka, ya san akwai hannun sanyi, akwai kuma hannun mai garka. Ka duba fangalin da Kunce ya fito. Mathieu Kereku na Dahome ya bi ta Kati da San Luwi da Fréjus, ya karɓe mulki a 1972. Musa Tarawure na Mali ya bi ta Kati da Fréjus, ya kifar da Modibo Keita a 1968. Amma Senegal, inda ita makarantar San Luwin take, soja bai taɓa karɓe mulki ba tun 1960. Ashe wurin reno kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa da ƙasar da aka kai dashen da kuma iskar da ta buga shi.

Iskar da ta buga sojan Nijar ita ce fari. Tun daga 1968 damina ke ta gazawa, har ta kai maƙura a 1973. Dabbobin Azawak suka zube, mutanen Adar suka bar garuruwansu suka gangaro Konni, wasu suka tsallaka Sakkwato da Kano, wasu suka taru a sansanin Lazare a gefen Yamai. Hatsin taimako yana shigowa daga waje, amma magana ta cika gari cewa wasu manyan gwamnati da na jam'iyya suna ɓoye shi suna sayarwa. Ana cikin haka ba a daina neman haraji ba, har ana tura soja rakiyar masu karɓa, abin da ya ƙona wa hafsoshi rai. Sai ga yarjejeniyar tsaro da Jori ya ƙulla da Libiya a farkon 1974, wadda rundunar ba ta ji daɗinta ba. Jam'iyya kuma guda ce tun da aka haramta Sawaba a 1959, babu akwatin da talaka zai je ya ce ya gaji. Ni dai ba ni da bakin da zan ce wa wanda ya binne ɗansa saboda yunwa ya dakata sai zaɓe, a ƙasar da mutum ɗaya ke tsayawa takara.

Daren 15 ga Afrilu 1974 soja suka shiga fada. An kama Jori, an kashe matarsa Aisa a cikin harbe-harben, aka soke tsarin mulki da majalisa da jam'iyya, Majalisar Ƙoli ta Soja ta hau, Kunce a kanta. Sandar ta fito ke nan.

Albasar da ta yi fure a fangali ana cinta, kada wani ya ce ba a ci. Mai yunwa ma ba ya tambayar ko ta yi sanda. Abin da sojan suka fara yi shi ne buɗe rumbuna da ɗora hatsi a motocinsu zuwa ƙauyuka, kuma wannan ne tushen ƙaunar da tsofaffi ke yi wa Kunce har yau. An saki fursunonin siyasa, an ce wa sojan Faransa su tattara su tafi. Sa'a kuma ta zo masa: kuɗin uranium ya tashi, ma'adinin Arlit yana aiki tun 1971, na Akuta ya fara a 1978. Da wannan kuɗi aka sauƙaƙa wa talakan karkara haraji, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit, hanyar da ke haɗuwa da babbar kwaltar ƙasa a Tsarnawa bayan ta ratsa Badagishiri.

Mu a nan, abin da ido ke gani ya fi wannan kusa. A zamaninsa ne aka tare ruwan Maggiya da madatsun Mozage da Zongo, aka jawo shi ta babbar hanyar ruwa zuwa matarar Cerasa, daga nan a rarraba shi cikin filin noman rani na Konni, wanda aka yi kashi biyu, na farko daga 1976, na biyu a 1982, fili mai kadada sama da 2,400. A 1978 aka kafa hukumar ONAHA domin kula da irin waɗannan filaye. Wanda bai san Konni kafin wannan aiki ba, ba zai gane girman abin ba. Mutumin da a da yake kulle ɗaki bayan girbi ya tafi cin rani, sai ga shi cikin Fabrairu tsaye a bakin kwalbati da fartanya yana jiran zagayen ruwansa, alkama na kaɗawa a gefe, masara da albasa da kabeji a ɗaya gefen. Gidaje da yawa a Konni da ƙauyukan kewayenta da wannan ruwa suka aurar da 'ya'ya, suka biya kuɗin makaranta, wasu har suka sauke farali.

Sai kuma tsoron da ya sa wa ma'aikata. Ana ba da labarin yadda yake dira ofis ba sanarwa da sassafe, ya tarar da kujerar darakta ba kowa, ko ya tsare babban ma'aikaci a gaban jama'a yana tambayarsa lissafin kuɗi dalla-dalla. Talakan da ya saba a wulaƙanta shi a bakin ofis ya ji sanyi a ransa da ya ga akwai wanda manya ke tsoro. An kuma yi masa shaidar cewa bai tara dukiya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan rage masa ko ƙwaya ba.

Amma ka yanka albasar da ta yi fure ka gani. Sandar nan ba a sama kaɗai take ba, ta ratsa har cikin kan, ta bar wani abu mai tauri a tsakiya wanda wuƙa ke tuntuɓe da shi, ta kuma bar rami a wuya inda ruɓa ke shiga. Mulkin da aka karɓa da bindiga da dare, mai shi ya fi kowa sanin yadda ake karɓarsa, don haka ba ya barci. A Agustan 1975 aka kama mataimakinsa, Kwamanda Sani Suna Siddo, wanda da shi aka yi juyin, ya mutu a tsare a Agadas. Tare da shi aka kama Jibo Bakari, jagoran Sawaba, wanda bai daɗe da dawowa daga gudun hijira ba. Ranar 15 ga Maris 1976 wasu hafsoshi suka yi yunƙurin kifar da shi, aka murƙushe su, aka harbe wasu, ciki har da Kwamanda Bayere Musa da Kyaftin Sidi Mohamed. A Oktobar 1983, yana Faransa wajen taron shugabanni a Vittel, amininsa kuma mai ba shi shawara kan tsaro, Amadu Umaru Bonkano, ya gwada tasa sa'ar, bai ci ba, ya tsere. Abokan da suka hau tare da shi a 1974 aka yi ta zare su ɗaya ɗaya. 'Yan sandan ciki suka cika gari, mutum ya dubi hagu da dama kafin ya ambaci gwamnati ko a zauren gidansa. Malaman makaranta da ɗalibai da 'yan ƙwadago sun sha ɗauri, wasu an kai su sansanonin cikin hamada. Dattijon da ke kewar zamanin Kunce ya kamata ya tuna akwai wani dattijon, maƙwabcinsa, wanda ƙanensa ya tafi bai dawo da lafiyarsa ba.

Daga 1980 kuɗin uranium ya fara faɗuwa, bashi ya hau wuya, aka shiga tsuke bakin aljihu. Sai fari ya dawo a 1984, kuma a Afrilun wannan shekara gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Garin da ke numfashi ta ƙofar Illelar Najeriya kamar Konni ya ji a jikinsa, shi ya sa mutane suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. A nan Kunce ya nuna bai manta abin da ya kawo shi ba. Ya fito fili ya nemi taimako, ya je har Amurka wurin Reagan a Disambar 1984, ya kuma tayar da ƙasa gaba ɗaya kan noman rani: a haƙa rijiyoyi, a kewaye garake, duk inda ruwa ya kwanta a shuka wani abu. Perfen Tawa na lokacin, Tanja Mamadu, wanda ya riƙe jihar daga 1981 zuwa 1988, yana cikin masu bin ƙauyuka da wannan kira. An sha wuya, an yi asarar dabbobi, amma ba a ce hukuma ta ɓoye hatsi ta bar mutane ba. Bayan haka ciwo ya kama shi a ƙwaƙwalwa, ya yi ta zuwa magani Paris, a can ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987 yana da shekara 56, da muƙamin janar. Aka kai shi Fandu aka rufe.

Ranar tono ba a gane manomi. Kowa na da tuli a bakin garka, dillalai na zagayawa, farashi a ƙasa. Sai an zuba ta a rudu, wannan rumbu na kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa itace domin iska ta ratsa, an bar ta ta sha zafin bazara da laimar damina, sannan a buɗe wajen watan tara ko na goma, lokacin da buhu ya ninka kuɗinsa. A ranar ake sanin wadda ta ajiyu. In muka buɗe rudun Kunce, me za mu tarar? Kwalta tana nan, ko da ta sha faci. Madatsun suna nan, amma yashi da laka sun cike su har ruwan rani ya daina isar yawancin filin, sai a 'yan shekarun nan aka yi babban gyara da tallafin Amurka. Tsarin da ya fi sa wa rai kuwa, wanda ya kira al'ummar ci gaba, mai tsaye bisa samariya da ƙungiyoyin manoma tun daga ƙauye har Yamai, da kundin ƙasa da aka kaɗa wa ƙuri'a a Yunin 1987, bai yi shekara biyar bayansa ba. Tsoron da ke sa ma'aikaci zuwa ofis da wuri ma tare da shi aka rufe shi, domin tsoron mutum ne, ba a mayar da shi doka mai aiki ko ba shi ba. Mutum ɗaya ya riƙe komai a hannunsa shekara 13, da hannun ya saki babu abin da zai tare.

Abin da ya fi damuna shi ne iri. Malaman gona sun daɗe suna jan kunnen manoman Galmi da Tsarnawa cewa kada su ɗebi iri daga albasar da ta yi fure a zangon farko, ko da ya fi sauƙi, ko da ya fi arha, domin 'ya'yanta halin uwarsu za su ɗauko. Iri na gari sai an zaɓi kai mai tauri daga rudu, an yanke samansa, an sake dasa shi, an jira. Dogarin Kunce na kusa tun 1974 wani matashin hafsa ne, Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda ya shugabanci masu tsaron fada, ya riƙe rundunar 'yan laima, ya yi ministan lafiya, ya yi jakada a Aljeriya. A Maris 1995 aka naɗa shi hafsan hafsoshi. Wata goma bayan haka, ranar 27 ga Janairu 1996, da rigima ta ƙi ƙarewa tsakanin Shugaba Mahaman Usman da Firaminista Hama Amadu, ya bi hanyar maigidansa. Ranar 9 ga Afrilu 1999 masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai, Kwamanda Dauda Malam Wanke ya hau. Tanja, wanda shi ma da shi aka yi 1974, ya shigo ta akwati a 1999, ya sake ci a 2004, amma da wa'adi ya cika ya nemi tazarce, soja ƙarƙashin Salu Jibo suka ɗauke shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Wanke da Salu Jibo sun mayar da mulki ga farar hula, a ba su wannan. Ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, Mahamadu Isufu, ya karɓa a 2011 ya miƙa wa Bazum a 2021, sai kuma 26 ga Yuli 2023 shugaban masu tsaron fada, Janar Abdurahaman Tiani, ya karɓe. Kowane juyi da sanyin da ya jawo shi, kuma 'yan siyasa ba su da bakin wanke kansu. Amma sau biyar cikin shekara 49, wannan ya wuce a ce sanyi ne kaɗai.

Cikin fangalin nan guda akwai wanda ba a cika ambata ba, shi ne Ali Shaibu, ɗan ƙasar Walam, wanda shi ma ya bi ta San Luwi da Fréjus. Ya riƙe kujerar hafsan hafsoshi har 1987, sama da shekara goma da dukan bindigogin ƙasa a ƙarƙashinsa, har da watannin da maigidansa ke kwance a asibitin Paris, bai taɓa miƙa hannu ba. Da aka ba shi mulki bayan rasuwar Kunce, ya buɗe gidajen kaso ya sassauta wa mutane. Mulkinsa yana da tabo mai nauyi: ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, da jinin da aka zubar a Cintabaradan cikin watan Mayun wannan shekara. Ana kuma cewa a zamaninsa ne horon ma'aikata ya sakwarkwace. Amma ya yi abin da ya fi wuya ga mai kaki. Manomi na janye wa albasa ruwa kwana goma ko sha biyar kafin tono, ganye ya bushe, wuya ya rufe, kuma wadda ta samu haka ita ke ajiyuwa. Da Taron Ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya janye masa iko, ya bar shi da sunan shugaba kawai, aka ba Amadu Shehu ragamar gwamnatin riƙo, Ali Shaibu yana da sojan da zai iya turawa su watse zauren. Bai tura ba. Ya zauna aka faɗa masa maganganu masu ɗaci, bai tsaya takara ba, ya jira aka yi zaɓe.

Hoton Kunce za ka gan shi a bayan manyan motoci da bangon shaguna, babban filin wasa na Yamai ma sunansa ne. Na Ali Shaibu sai ka nema. In da ni ke zaɓen kan da za a sake dasawa domin yaran Konni da Malbaza da Illela da ke shiga makarantun soja yau, zan so su ɗauki haƙurin Kunce na shekara 24 da tsabtar hannunsa, amma kan da zan ɗauko daga rudu na Ali Shaibu ne. Ranar 16 ga Afrilu 1993 ya miƙa wa Mahaman Usman mulki, shekara 19 da kwana ɗaya bayan daren da soja suka shiga fadar Jori. Ya koma gidansa ya zauna shekara 18, juyin mulki uku suka wuce ba a ji sunansa cikin ko ɗaya ba, har ya rasu a Yamai ranar 31 ga Oktoba 2011.